Kafin ka sayi rauta mai eriya shida, gano inda ciwon yake

“Assalamu alaikum Injiniya. Ina zaune a Kaduna a gidan bene, ni da iyalina muna sama da ƙasa, sai sashen mahaifiyata a can bayan tsakar gida. Muna da rauta mai sim ta 4G da na saya wajen kamfanin layin, tana falon ƙasa a bayan talabijin. A falo lafiya lau, amma a sama sai ka zo bakin matakala, sashen Hajiya kuwa ko sunan Wi-Fi ɗin ba ya fitowa. Da an yi isha'i komai sai ya tsaya cak, har a falon, ga shi uwargida tana koyar da ɗalibai ta Zoom da dare. Kuma duk sanda aka ɗauke wuta sai mun jira kafin ya dawo. Wani mai shago ya nuna mini wata rauta mai eriya shida, ya ce za ta ratsa ko'ina. In saya? In ba ita ba, wacce?”

Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana.

In na fahimce ka, kana neman na'ura ɗaya da za ta kai sabis sama da sashen Hajiya, ta hana tsayawar dare, ta kuma daina ɓata muku lokaci in an ɗauke wuta. To, ka riƙe kuɗinka tukuna. Matsala uku ka lissafa, kowace da tushenta daban, kuma rautar da aka nuna maka, ko da ta kirki ce, ɗaya kawai za ta iya taɓawa. Sannan yawancin masu tarin eriyar nan ba su da ramin sim ko kaɗan, don an yi su ne saboda gidan da intanet ke shigowa ta kebul. Ka juya bayanta ka duba. In ba ka ga inda ake sa sim ba, ba za ta maye gurbin taka ba, sai dai ta zama mataimakiyarta.

Na'ura ɗaya, aiki biyu

Abin da ke bayan talabijin ɗinka aiki biyu yake yi. Yana kamo 4G daga ƙarfen sabis na unguwa, sannan yana rarraba abin da ya kamo ga wayoyin gida ta Wi-Fi. Sandunan Wi-Fi da kake gani a saman waya labarin aiki na biyu kaɗai suke bayarwa. Suna iya cika taf alhali babu abin da ke shigowa daga waje. Duk gidan da aka kira ni, abin da nake fara yi ke nan, in raba biyun in ga wanne ne ba shi da lafiya, kuma kai ma za ka iya yi ba tare da ka kashe ko sisi ba.

Ka jona kwamfutar tafi-da-gidanka da rautar da ɗan gajeren kebul ɗin da galibi yake zuwa a kwalinta, ka kashe Wi-Fi na kwamfutar, ka buɗe shafin auna saurin intanet, Speedtest ko fast.com. In babu kwamfuta, ka tsaya da waya taku biyu daga rautar. Ka auna bayan sallar asuba, ka sake aunawa wajen ƙarfe tara na dare, ka yi haka kwana biyu ko uku kana rubutawa. Lamba uku za ka riƙe: saurin saukowa, saurin aikawa, da jinkirin amsa wanda manhajar ke kira ping. Daga nan ka ɗauki wayar ka hau sama ka sake aunawa a daidai lokacin. Idan kusa da rautar kana samun megabit 25 a sama kuma 2, ciwon na cikin gida ne. Idan da asuba kana samun 25 amma da dare ko a gindinta 1 ko 2 kake gani, ciwon daga waje yake shigowa, kuma ko rautar miliyan ka jona mata abin da ya shigo shi za ta raba.

Daga bayaninka ina kyautata zaton duka biyun kake da su. Bari mu fara da na dare, tunda shi ne ke taɓa neman abincin uwargida.

Tsayawar dare

Ƙarfen sabis ɗaya dubban wayoyi ke rabawa. Da rana mutane na kasuwa da ofis da makaranta, da dare kowa ya dawo unguwa ya kwanta da waya a hannu, sai rabon kowa ya ragu. Wannan shi ne sanadin da na fi tararwa. Amma kafin ka ɗora wa kamfani laifi, ka duba abu biyu a gida. Na farko, tsarin datar da kake saya. Da yawa daga waɗanda ake tallatawa da sunan ba su da iyaka suna da wani ma'auni na yini ko na wata, wanda in ka wuce shi za a rage maka gudu. Yara su wuni a YouTube, kafin dare an cinye rabon yinin, sai a ce sabis ya lalace. Na biyu, su wa ke kan rautar. Ka shiga shafinta ta burauza, adireshin na rubuce a ƙasanta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei kuma 192.168.8.1, ka duba jerin na'urorin da suka jona. Na taɓa buɗe irin wannan shafi a wani gida na tarar da wayoyin da suka ninka mutanen gidan. Ashe yaro ɗaya ya nuna wa abokinsa hoton lambar jonawa a wayarsa, shi ma ya nuna wa wani, majalisar samarin ƙofar gida kaf a kai take kallon ƙwallo.

Zoom ba ya cin abu mai yawa. Megabit 3 zuwa 4 a kowane ɓangare sun isa hoto mai kyau. Abin da ba ya jurewa shi ne tsalle-tsalle, kuma ɓangaren aikawa ne ya fi saurin cushewa, don a 4G galibi ya fi na saukowa ƙanƙanta. Waya ɗaya da ke loda bidiyon biki a WhatsApp ko tana tura hotuna Google Photos za ta iya sa muryar malama ta riƙa kakkaryewa, ko da gwajin saukowa ya nuna lamba mai kyau. In ping ya haura 150 ko yana hawa yana sauka, ɗalibai za su ji a jikinsu.

A shafin rautar akwai wasu lambobi biyu da suka fi sandunan fitila gaskiya, RSRP da SINR. Na farkon ƙarfin abin da ke isowa ne, kuma da alamar ragi ake rubuta shi, saboda haka -85 ya fi -105 kyau nesa ba kusa ba. Na biyun tsabtar sabis ɗin ce: sama da 13 yana da kyau, ƙasa da 5 akwai aiki. Amfanin su shi ne su bambance maka rauni da cunkoso. In RSRP na wajen -105 ko ƙasa, rautar ce ba ta jin ƙarfen sosai, kuma wannan yana da magani mai arha. Bayan talabijin a falon ƙasa kusan shi ne wuri mafi muni a gidan: ga bango, ga katanga, ga ginin maƙwabta, ga zafin talabijin. Ka ɗauke ta ka hau da ita sama, ka gwada tagogi ɗaya bayan ɗaya, kana ba ta minti biyu a kowace kana kallon lambobin. Sau da yawa tagar da ke fuskantar ƙarfen takan sauya labarin gaba ɗaya. In bayanta akwai ramuka biyu masu zare na eriyar waje, ana iya kafa eriya a bango ko kan rufi a sauko da kebul, amma kebul ɗin ya zama gajere, don kowace mita tana cinye wani abu daga ribar da aka samu.

In kuwa lambobin na da kyau dare da rana amma gudun na faɗuwa da dare kawai, cunkoso ne, kuma eriya ba ta maganinsa. A nan sai ka gwada wasu layukan. Ka ari wayar ɗan'uwa ko maƙwabci mai wani layi, ka auna a tagar nan da ƙarfe tara. Babu layin da ya fi kowa a ko'ina. Wanda ke gudu a Barnawa yana iya rarrafe a Rigasa, har layin gida biyu a unguwa ɗaya sukan bambanta. Matsalar ita ce rautar da kamfani ya sayar maka galibi a kulle take da sim ɗinsa. Wannan shi ne dalili na farko mai ƙarfi da zai sa ka sayi sabuwa mai sim: wadda ba a kulle ba, mai karɓar kowane layi.

In ka zo nan, abin dubawa shi ne ajinta na 4G. Masu arha yawanci Cat 4 ne, iyakarsu a takarda megabit 150, kuma zango ɗaya, wato hanyar rediyo ɗaya da sabis ke bi, suke kamawa a lokaci guda. Daga Cat 6 zuwa sama suna iya haɗa zango biyu su sha daga duka, wanda yakan taimaka sosai a lokacin cunkoso idan ƙarfen unguwarku yana bayar da hakan. TP-Link Archer MR600 da Huawei B535 misalai ne na wannan aji da ake samu a kasuwanninmu. Ka kuma tabbatar tana kama zangunan da kamfanonin Najeriya ke amfani da su, wato 700, 800, 1800 da 2600 MHz, waɗanda a kwali za ka ga an rubuta B28, B20, B3 da B7. Ta hannu da aka shigo da ita daga Amurka tana iya kunnawa lafiya amma ta rasa rabin waɗannan.

Akwai 5G, wanda MTN ya fara a Najeriya a 2022, Airtel ya biyo a 2023. Inda ya kai, yana da faɗi ƙwarai. Sai dai a zangon 3.5 GHz yake, ba ya tafiya nesa kuma bango na rage shi da sauri, don haka kada ka saya sai ka ga waya mai 5G ta kama shi da ƙarfi a cikin gidanka, ba a bakin titi ba. In kuma wayar faiba, wato kebul ɗin intanet da ake jawowa har cikin gida, ta ratsa titinku, ni a ganina magana ta ƙare. Ga mai koyarwa kai tsaye babu abin da ya kai ta natsuwa. Starlink, intanet ta tauraron ɗan'adam da ya shigo ƙasar a farkon 2023, mafita ce ga wanda ke inda babu wannan babu wancan, amma kuɗin kayan da na wata masu nauyi ne, yana cin wuta ninkin rauta sau da yawa, yana son sarari buɗe a sama, ruwan sama mai ƙarfi kuma kan katse shi na ɗan lokaci. A cikin Kaduna ba da shi zan fara ba.

Abin da eriya shida ba za ta yi ba

Yanzu cikin gida. Wi-Fi na tafiya a zango biyu da aka fi sani. Na 2.4 GHz yana zuwa nesa kuma ya fi ratsa bango, amma ƙuntatacciyar hanya ce, kuma kowa na kanta: rautocin maƙwabta, Bluetooth, har na'urar ɗumama abinci. Na 5 GHz yana da faɗi da sauri, amma bango biyu na bulo sun isa su gama da shi. Kuma tallan da ake bugawa a kwali cewa rauta na rufe gida mai ɗaki kaza, da gidajen Turai da Amurka aka auna, inda bangon ciki galibi katako ne da allon filasta mara kauri. Namu bulo ne mai inci shida ko tara da filasta, tsakanin ƙasa da sama kuma kankare ne mai rodi saƙe a ciki. Wannan kankaren shi ne ya tsayar da kai a bakin matakala, don ta ramin matakalar kaɗai sabis ɗin ke samun hanyar hawa. Ƙofofin ƙarfe, kwanon rufi, tankin ruwa da babban madubi duk suna tare shi. Ginin ƙasa mai kauri ma haka.

Yawan eriya ba ƙarin ƙarfi ba ne yadda ake zato. Ƙarfin da rauta za ta iya fitarwa doka ta ƙayyade shi, kuma ko an ƙara, magana ce ta ɓangare biyu. Mai lasifika a kan hasumiyar masallaci zai kira ka daga nesa ka ji shi ras, amma in ka amsa da bakinka ba zai ji ka ba. Haka wayar Hajiya take: 'yar eriyar da ke cikinta da ɗan batirinta ba za su iya mayar da amsa ta bango huɗu ba. Shi ya sa wani lokaci za ka ga sanda biyu ko uku amma saƙo ya ƙi tafiya. Eriyoyin suna taimakawa wajen hidimar na'urori da yawa da kuma daidaita sabis a ɗakunan kusa, amma yawancin wayoyi hanya ɗaya ko biyu kawai suke iya amfani da ita. Manyan lambobin kwali ma jimla ce. AC1200 na nufin 300 a zangon 2.4 da 867 a zangon 5 aka tara, babu wayar da za ta ga 1200, balle a gidan da abin da ke shigowa daga waje bai wuce 30 ba.

Ga kuma wani karo da ke cikin rauta mai sim. Inda ya fi mata kyau don kamo 4G shi ne taga a gefen gida. Inda ya fi kyau don raba Wi-Fi shi ne tsakiyar gida, a sarari, sama da kai. Wuri ɗaya ba zai zama duka biyu ba. Don haka abin da nake yi a gida irin naka shi ne in raba aikin. Mai sim ta zauna a tagar sama, ta riƙe benen. Daga bayanta a ja kebul a sauko falon ƙasa a jona rauta ta biyu, a sa ta a tsarin da ake kira AP, wato ta zama mai rarrabawa kawai. A ja wani kebul ɗin zuwa sashen Hajiya a sa ƙarama ta uku, ko mafi arha ce ta isa kiran bidiyo da jikoki da sauraron tafsiri. Duka a ba su suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, waya za ta riƙa komawa kan wadda ta fi kusa.

Kebul ɗin Cat6 ne ko Cat5e, kuma yana kai mita 100 ba tare da ya rage komai ba, wanda ya fi tsawon yawancin gidaje. Ka nemi na jan ƙarfe zalla. Kasuwa cike take da na alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe a baya, ya fi arha, amma yana karyewa a ciki ya riƙa kawo yankewar da ke da wuyar ganowa. Ka kankare bakin waya ɗaya da reza, in fari ya fito a ciki ka ajiye. Wanda zai ratsa tsakar gida a zura shi a bututun roba a binne ko a bi da shi gindin bango. Kada a rataye shi a sama daga rufi zuwa rufi. Rana za ta cinye rigarsa, kuma tsawar daminar Kaduna ba ta buƙatar ta faɗo a kansa kai tsaye kafin ta ƙona ramukan rautocin biyu.

Za a yi maka tallan ɗan ƙaramin abin nan da ake soka wa a soket ya maimaita sabis. Ba na son sa. Da rediyo ɗaya yake saurare yake maimaitawa, don haka gudun na raguwa kusan rabi, kuma mutane kan sa shi a ɗakin da sabis ya riga ya mutu, sai ya riƙa maimaita rauni. Tsarin mesh, wato rautoci biyu ko uku da ke miƙa wa juna sabis, irin su TP-Link Deco, ya fi shi hankali nesa, kuma in gidan haya ne da ba a yarda a huda bango ba shi zan ce ka saya, ka sa ɗaya a ƙasan matakala ɗaya a samanta yadda za su ga juna. Amma shi ma in aka haɗa shi da kebul ya fi aiki. Na'urori masu tura intanet ta wayar wutar gida kuwa, a gidan da ke sauyawa tsakanin wutar NEPA da janareto da inbata, ka bar su kawai.

Wadda za ka saya

Ga rauta ta biyu, ta falo, abin da za ka nema kaɗan ne. Ta zama mai zango biyu. Ramukan kebul ɗinta su zama gigabit, don akwai masu kyan gani da ramukansu ba sa wuce megabit 100, ranar da faiba ta zo su za su shaƙe ka. Ta zama aƙalla Wi-Fi 5, in da hali Wi-Fi 6, wanda ya fito a 2019 kuma ya fi iya riƙe wayoyi da yawa a lokaci guda. Ta iya tsarin AP, ta kuma iya tsaron WPA2 ko WPA3. Archer C6 da Archer AX23 na TP-Link misalai ne da suka cika waɗannan, akwai makamantansu a wasu kamfanonin. Wi-Fi 7 a kan layin 4G ɓarnar kuɗi ce. Mai eriya shidan nan ma, in ta cika sharuɗɗan kuma kuɗinta bai wuce na takwarorinta ba, babu laifi ka saye ta don wannan gurbin, amma da sanin cewa falo da ɗakunan ƙasa za ta riƙe.

In an kafa, ka sauya kalmar sirrin shiga shafin rautar da ta Wi-Fi, ka kashe WPS, wato tsarin jonawa ba tare da rubuta kalmar sirri ba, ka buɗe wa baƙi da yara nasu sunan daban wanda za ka iya rage wa gudu ko ka kashe lokacin darasi. A zangon 2.4, tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, don haka ka ba kowace rauta ɗaya daga ciki, faɗin ya tsaya a 20 MHz. Kwamfutar uwargida kuma a jona ta da kebul kai tsaye. Wannan kaɗai yakan cire rabin ƙorafin masu Zoom.

Maganar wuta ita ce mafi sauƙi. Duk ƙiftawar wuta rauta na mutuwa ta sake tashi, ta nemi ƙarfen sabis, ta yi rajista, minti biyu ko uku sun tafi. Akwai ƙananan batura na rauta da ake sawa tsakanin soket da na'urar, suna riƙe ta sa'o'i, don abin da take ci bai wuce na ƙwan fitila ba. Ka karanta adaftarta, yawanci 12V ne amma akwai masu 9V, ka sayi wanda ya dace da bolt ɗin da girman bakin, amfiyarsa kuma kada ta gaza ta adaftar. Mai sim ita ce ta fi buƙata. In ka lura tana mutuwa tana tashi ko da wuta, ka fara zargin adaftar kafin na'urar, musamman in ba ta asali ba ce. Zafi ma na sa haka. Yawancinsu an yi su ne su yi aiki zuwa digiri 40, kuma a watan Maris da Afrilu ɗakin sama mai kwano na kaiwa nan, don haka a tagar da ka zaɓa kada rana ta riƙa dukanta, kada kuma a lulluɓe ta da ƙyalle don ƙura.

Ban ga gidanka ba, kuma kaurin bango da nisan ƙarfen sabis sai an tsaya a wurin ake sanin su, saboda haka lambobin da za ka rubuta su za su yanke hukunci fiye da maganata. In suka nuna duk layukan da ka gwada suna durƙushewa da dare a unguwarku, kuma babu faiba babu 5G, to babu na'urar da za ta ƙirƙiro abin da bai iso ba. Sai dai uwargida ta matso da darasin kafin magariba, ko ta kashe hoton ɗalibai ta bar murya da allo.

In ka je saye, ka yi sharaɗi da mai shago tun kafin ka biya cewa za ka gwada kwana biyu, in ba ta yi ba ka dawo da ita a sauya maka. Ka sa ya rubuta lambar jikinta a rasit. In mai sim ce, ka tafi da sim biyu na kamfani daban-daban, a sa kowane a gabanka ka ga ya kama 4G kafin ka bar shagon.